Rubutun Braille: Karatu da Yatsa, da Yadda Za a Nuna wa Yara Shi

Braille tsarin rubutu ne da ake karantawa da taɓawa. A maimakon tawada, ana huda takarda mai kauri ta baya, sai ƙananan ɗigo masu tudu su fito ta gaba, makaho ya bi su da kan yatsarsa yana karantawa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa wani yare ne na makafi, alhali haruffa ne kawai. Da su ake rubuta Hausa, da Larabci, da Faransanci, da lissafi, har da alamomin kiɗa. Akwai Alƙur'ani cikakke da aka buga da shi, kuma abin da kan ba mutane mamaki shi ne Larabcin Braille daga hagu zuwa dama ake karanta shi, kamar sauran.

Dukan tsarin ya ginu ne a kan ɗan gida guda mai gurbi shida, uku a hagu, uku a dama. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama kuma 4, 5, 6. Gwargwadon gurbin da aka cika da wanda aka bari, ana samun alamomi 63. Ɗigo na 1 shi kaɗai shi ne "a". Na 1 da na 2 "b" ke nan, na 1 da na 4 kuma "c". Haruffa goma na farko, daga "a" zuwa "j", gurbi huɗu na sama kaɗai suke amfani da su. Idan aka ƙara musu ɗigo na 3 sai a samu goma na gaba, wato "a" ta koma "k", "b" ta koma "l", haka har zuwa "t". Lambobi ma ba su da nasu siffofi dabam: ana fara sa alamar lamba, sannan "a" ta zama 1, "b" ta zama 2, "j" ta zama sifili. An yi gidan ɗan ƙarami ne da gangan, domin kan yatsa ya rufe shi gaba ɗaya a taɓawa guda, ba sai ya yi ta lalube sama da ƙasa ba.

Wanda ya ƙirƙiro shi yaro ne, kuma wannan shi ne abin da ya kamata kowane ɗan makaranta ya ji. An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray da ke Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi da kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya ji wa idonsa ciwo da wani ƙarfe mai tsini a wurin aikin mahaifin, ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya wuce shekara biyar ya makance. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Paris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan da ya tarar a can haruffan masu gani ne aka yi musu tudu, manya-manya, masu nauyi, karatunsu da jan lokaci, kuma ɗalibi ba shi da hanyar rubuta nasa. Daga baya aka kawo wa makarantar wani tsari na ɗigo 12 na Charles Barbier, tsohon jami'in soja. Louis ya ga dabarar tana da kyau amma ta fi ƙarfin yatsa, ya yi ta gyara har ya rage ta zuwa shida. Ya kammala a 1824 yana da shekara 15, ya wallafa a 1829. Tarin fuka ya kashe shi a 1852, kuma sai a 1854 makarantar da ya koyar a cikinta ta amince da rubutunsa a hukumance. Ranar haihuwarsa ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta zama Ranar Braille ta Duniya, an fara kiyaye ta a 2019.

Rubuta shi da hannu yana da tasa hikimar. Ana saka takarda cikin wani ɗan allo mai ramuka, a riƙa danna tsinken rubutu. Tunda ta baya ake hudawa, dole marubuci ya fara daga dama zuwa hagu, yana juya kowane harafi, domin idan an kifa takardar ya fito daidai. Akwai kuma na'urar Perkins da ta fito a 1951, mai maɓalli shida, ɗaya ga kowane ɗigo.

A aji, hanya mafi sauƙi ita ce a samu kwalin ƙwai mai gurbi shida da 'yan ƙwallaye ko murafen kwalba. Malama ta ce, "A cika gurbi na 1 da na 2," yara su amsa da "b". Nan da nan za ka ga kowa yana ƙoƙarin haɗa sunansa, wani yana yi wa abokinsa saƙon asiri. Bayan haka sai a miƙa musu takardar Braille ta gaske. Yaro zai ɗora yatsa, ya ji ɗigon sun cakuɗe masa, ya ɗaga takardar yana leƙe da ido domin ya ƙirga. A nan ne yake gane cewa wanda ke bin layi da hannu biyu, manuniyar dama tana karatu ta hagu tana neman farkon layi na gaba, gwani ne da ya sha horo.

Abin da ba na goyon baya shi ne ɗaure wa yara ido da ƙyalle a ce su zagaya aji domin su "ɗanɗana makanta". Niyyar mai kyau ce, amma abin da yaro ke ɗanɗanawa tsoro ne da karo da kujeru. Zai kwance ƙyallen yana ganin makaho ba ya iya komai, alhali makaho ya koyi tafiya da farar sanda, ya san ɗakinsa, ya san hanyarsa. Ya fi a gayyato makaho ko makauniya mai karatu, ya zauna da yaran, ya karanta musu labari da yatsunsa, su yi masa tambayoyinsu ba tare da an tsawata musu ba. Daga bakinsa za su ji cewa ba duk makaho ne ke cikin duhu baki ɗaya ba, da yawa suna ganin haske ko inuwa ko wani sashe na abin da ke gabansu. Za su ji cewa kaifin kunnensa sabo ne da kula, ba wata baiwa ta ɓoye ba.

A koya musu ladabin mu'amala ma, domin shi za su fi amfani da shi. Ka faɗi sunanka idan ka zo, ka sanar idan za ka tafi. Ka tambaya kafin ka taimaka. Idan ya yarda, shi ne zai riƙe gwiwar hannunka, ba kai za ka ja shi ba, kuma ba a kama sandarsa. "Yana can" ba kwatance ba ne. Ka ce "yana damanka, taku biyu". Kuma ka yi magana da shi kai tsaye, ba da wanda ya rako shi ba.

Akwai tambayar da yaran yanzu ba sa fasa yi: tunda waya da kwamfuta suna karanta wa mutum rubutu da murya, me za a yi da ɗigo? Murya tana da amfani ƙwarai, amma kunne ba ya nuna maka yadda ake rubuta kalma, ko inda waƙafi yake, ko yadda aka jera lissafi a shafi. Ba wanda zai yarda a daina koya wa ɗansa mai gani rubutu don akwai rediyo. Fasahar ma ta rungumi Braille ne: akwai na'urar da ake haɗawa da waya ko kwamfuta, ƙananan tsinkaye suna tasowa suna komawa, suna fitar da layin da ke kan allo. Tana da tsada sosai, shi ya sa allo da tsinke ke riƙe da ɗalibai makafi da yawa, kuma ƙarancin littattafai ya sa ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Marrakesh a 2013, wadda ta ba da damar a mayar da littattafai zuwa Braille da murya, a kuma tsallaka da su iyakokin ƙasashe ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba.