Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Moton Matashin Kai na Kujerar Mota

Na danna makunni amma matashin kai bai motsa ba. Moton ne ya ƙone?

Ba lallai ba ne, kuma kunne ne zai fara raba gardama. A kashe rediyo, a danna makunnin, a saurara kusa da bayan kujera. Idan an ji moton yana gurnani amma matashin yana nan daram, to wuta tana isa kuma moton lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa shiru aka ji, sai a fara duba fis, sannan soket ɗin da ke ƙarƙashin kujera, wanda yakan sassauta saboda yawan tura ta gaba da baya.

Idan moton yana juyawa, me ke hana matashin hawa?

A nan yawancin matsalar take. A motoci irin su BMW E38, wadda aka ƙera daga 1994 zuwa 2001, da ƙanwarta E39, moton ba ya taɓa matashin kai tsaye. Wata waya ce mai lanƙwasa, mai baki kusurwa huɗu, take juyawa a cikin rigarta ta roba tana kai ƙarfin zuwa haƙoran da ke ɗaga sandunan matashin. Shekaru da zafi sukan sa rigar ta miƙe har ta fi wayar tsawo, sai bakin wayar ya zame daga ramin moton, ya bar shi yana juyawa a banza, kuma duk irin wannan motar da take wuni a ranar Kaduna cikin watan Afrilu tana da rabonta a wannan.

Gyaran shi ne a cire murfin bayan kujera, a kwance moton, a zare wayar, a cire zoben ƙarfen da ke bakin rigar, a yanke kimanin santimita 1, sannan a mayar da zoben. Wasu sukan cusa guntun ƙarfe a ramin moton don cike gibin. Yana aiki, amma a ganina rage rigar ya fi ɗorewa. A wasu motocin kuma haƙoran roba ne suke karyewa, alamarsu ƙarar kas-kas, kuma su sai canji.

Yaya ake gwada moton shi kaɗai?

A haɗa wayoyinsa biyu masu kauri da batir mai volt 12. Idan aka sauya su, zai juya ta ɗaya ɓangaren. Siraran wayoyin da ke kujeru masu tuna zaman direba na na'urar auna matsayi ne, kada a ba su wuta.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai, domin kujeru da yawa suna ɗauke da jakar iska a gefe. A daidaita kujerar yadda hannu zai shiga tun da sauran wuta, a cire kan batir na negatif, a jira kamar minti 10, kuma kada a taɓa soket mai launin rawaya, wanda na jakar iskar ne, ko a sa masa mitar auna wuta. Idan matashin irin mai zaburowa gaba ne lokacin hatsari, kamar NECK-PRO na Mercedes-Benz, wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne.

Idan ya tabbata moton ya mutu fa?

A tafi da tsohon moton kasuwar Panteka ta Kaduna, a gwada lambar jikinsa da bakin soket da na Beljiyam ɗin da za a saya, a kuma sa mai shago ya jona shi da batir kafin a biya. Wajen ɗaurawa a shafa giris kaɗan a haƙoran kawai, domin idan ya yi yawa ƙurar hunturu za ta manne masa ta sake daskarar da su.