Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Maƙalar Jiyoloji da Tura Ta Mujalla

Duk shekara, da zarar ɗaliban digiri na biyu a sassan jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, na jami'o'in Bauchi da Gombe sun kare kundayensu a gaban malamai, sai su fara neman hanyar da aikin zai fito a mujalla. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi yi mini, wasu a ofis, wasu a cikin mota a hanyar dawowa daga aikin fili.

Tambaya: Malam, na gama kundina a kan duwatsun da ke kewayen Pindiga. Idan na rage shafukansa na tura wa mujalla, bai wadatar ba?

Amsa: Da wuya ya wadatar, domin aikin kundi daban, aikin maƙala daban. Kundi yana gamsar da malamanka cewa ka iya aikin fili, ka yi karatu, ka kuma cancanci digiri. Maƙala kuwa tana zuwa gaban mutanen da ba su san ka ba, kuma abin da suke nema a wurinka shi ne wani abu guda da ba su sani ba kafin su karanta. Jerin duwatsun ɓangaren Gongola na Kwarin Binuwai, wato Bima a ƙasa, sai Yolde, sai Pindiga, sai Gombe, sannan Kerri-Kerri a sama, an bayyana shi tun a rahoto na 30 na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wanda Carter da Barber da Tait suka fitar a 1963. Maƙalar da ta tsaya ga sanar da cewa akwai farar ƙasa da laka a Pindiga ta makara da fiye da shekara sittin. Amma idan ka auna wani sashe da ba a taɓa aunawa ba, ko ka sami burbushin halittun teku da ke gyara shekarun da aka saba ba wa wani shimfiɗi, to kana da abin faɗa, kuma a kan wannan abu guda za a gina maƙalar, sauran babukan kundin su zauna a ɗakin karatu.

Girman wuri ba shi ne sharaɗi ba. A shekarun 1960 Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya yi nazarin wani dutse mai duhun kore da ke kewayen garin Bauchi, wanda jama'a ke wucewa ta gefensa kullum, ya nuna cewa haɗin ma'adinansa ya bambanta, har aka san dutsen a duniya da sunan bauchite. A ɗaya gefen kuma, ana yawan turo mini maƙalu a kan neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna juriyar ƙasa ga lantarki, inda marubuci zai jera sakamakon wurare ashirin ya ce akwai ruwa a zurfin mita kaza, ba tare da ya kwatanta da bayanin ko da rijiyar burtsatse ɗaya da aka haƙa a yankin ba. Irin wannan rahoton ɗan kwangila ne, kuma edita yakan gane hakan tun daga tsakure, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala.

Tambaya: Wace mujalla ya kamata in zaɓa?

Amsa: Ka duba manazartar kundinka tukuna. Mujallun da ka fi ambata su ne inda ake tattauna batunka, kuma can ne masu karatunka suke. A gida akwai Journal of Mining and Geology ta Ƙungiyar Masana Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa ta Nijeriya, da kuma NAPE Bulletin ta masu binciken man fetur. A waje akwai Journal of African Earth Sciences ta kamfanin Elsevier, wadda ta daɗe tana buga ayyuka a kan Kwarin Binuwai. Wanda ya yi aiki a kan burbushin halittu na mahaƙar siminti ta Ashaka zai iya duba Cretaceous Research, mai aiki a kan kwal na Maiganga ya duba International Journal of Coal Geology, mai harkar ruwa kuma Hydrogeology Journal. Kowace tana da shafin da ta bayyana irin aikin da take karɓa, da wani shafin na umarni ga marubuta. A karanta su tun kafin a fara rubutu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai gargaɗi. Mujallar da ta aiko maka da imel tana yabon aikin da ba ta gani ba, tana kuma alkawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya kuɗi, ka nisance ta. Ka binciki sunanta da kanka a rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, irin su Scopus ko Web of Science ko DOAJ ko African Journals Online, kada ka dogara da tambarin da ta manna a shafinta. Na ga malamai da kwamitin ƙarin girma ya yi watsi da maƙalunsu saboda wannan, ga kuɗi ya tafi, ga aikin ba ya sake buguwa a wani wuri.

Tambaya: Daga wane sashe ake fara rubutu?

Amsa: Ni dai daga taswira da zane-zane da jadawali nake farawa, domin idan aka jera su a kan tebur ba su ba da labari ba, jimloli ma ba za su bayar ba. Daga nan sai hanyoyin bincike, sai sakamako, sai tattaunawa, sai gabatarwa, tsakure kuma shi ne na ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cuɗa abin da aka gani da abin da aka fassara. Cewa dutsen yashi yana da shimfiɗu masu karkata kuma ƙwayoyinsa suna ƙara laushi zuwa sama, wannan abin da ido ya gani ne, wurinsa sakamako. Cewa kogi ne ya ajiye shi, wannan hukuncin marubuci ne, wurinsa tattaunawa, inda za a kawo hujja a kuma ambaci wata fassarar da za ta iya yiwuwa. Tsakure yawanci ba ya wuce kalmomi 250, kuma dole ne ya faɗi abin da aka samu da lambobinsa.

Tambaya: Me ya sa masu bita, wato masanan da mujalla ke ba wa maƙala su tantance, ke matsa wa taswira da hotuna haka?

Amsa: Saboda jiyoloji ilimin wuri ne. Duk abin da ka rubuta, ya kamata wani masani ya iya ɗaukar gudumarsa ya je inda ka tsaya, ya ga abin da ka gani. Taswirar da ba ta da ma'aunin nisa, ko kibiyar arewa, ko layukan latitud da longitud, ko bayanin launuka, ta toshe wannan hanya. Haka hoton dutse da babu guduma ko biro ko mutum a gefensa, mai kallo ba zai san ko taku ɗaya yake kallo ko tsayin bene ba. Hoton sirin dutse, wato yankin dutsen da aka goge har haske ke ratsa shi, da aka ɗauka a madubin ƙara girma, wanda kaurinsa bisa ƙa'ida maikiron 30 ne, yana buƙatar layin ma'auni a jikinsa da bayanin irin hasken da aka yi amfani da shi. Rubuta cewa an ƙara girma sau arba'in ba ya amfani, domin mujalla za ta rage hoton ko ta faɗaɗa shi. Yawancin mujallu suna neman hoto mai ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, zanen layi kuma fiye da haka, don haka hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya lalace.

Akwai wani tarko da ni kaina na faɗa a cikinsa. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lissafa latitud da longitud na ƙasar, na'urar GPS da wayoyin hannu kuwa yawanci suna kan WGS84, kuma tazarar da ke tsakanin biyun takan kai gomman mitoci. Na taɓa ɗora wuraren samfurina daga na'ura a kan tsohuwar taswira ba tare da na daidaita su ba. Mai bita ya ɗauki lambobin ya duba a hoton tauraron ɗan'adam, ya rubuto cikin ladabi cewa samfuri biyu da na ce na sara a gaɓar gabas ta wani rafi, a taswirata suna gaɓar yamma, a kan wani dutse daban. Gyaran bai ɗauki yini ba, amma sai da na sake duba kowane wuri ɗaya bayan ɗaya, kunya kuma ta daɗe ba ta sake ni ba. Tun daga lokacin nake rubuta ma'aunin da na yi amfani da shi a ƙarƙashin kowace taswira. Idan kuma an ari taswira daga aikin wani, a faɗi mai ita, kuma a nemi izinin mawallafi idan an kwafe ta yadda take.

Tambaya: Sakamakon ɗakin gwaji fa, ya isa a sa jadawalin lambobi?

Amsa: Bai isa ba. A faɗi ɗakin gwajin da ya yi aikin, da irin na'urar, ko XRF ce ko ICP-MS, da yadda aka niƙa samfuri aka shirya shi, da mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya ganowa, da samfurin ma'auni da aka gwada tare da naka. Mai bita da ya san aikinsa yakan fara da tara manyan sinadaran kowane samfuri tare da abin da ya ƙone a wuta, ya ga ko jimillar ta kusanci 100 cikin 100. Idan ta tsaya a 92 babu bayani, duk zanen da aka gina a kanta ya zama abin shakka. Kuma kada a cire samfurin da ya saɓa wa ra'ayin marubuci a ɓoye.

Tambaya: Akwai ƙa'ida wajen rubuta sunayen zamunna da na duwatsu?

Amsa: Akwai, kuma editoci ba sa sassauci a kanta. A bi jadawalin Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Tsarin Shimfiɗun Duwatsu, wanda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci, wanda kuma ya sa ƙarshen zamanin Kiretashiyos a shekara miliyan 66 da suka wuce. Tun da mujallun da Turanci suke bugawa, a lura cewa kalmomin sama da ƙasa (Upper da Lower) na duwatsu ne, na farko da ƙarshe (Early da Late) kuma na lokaci ne. Sunan halitta irin su Vascoceras, wata halittar teku da ake samun burbushinta a Ashaka, da karkataccen rubutu ake rubuta shi. Kada kuma ɗalibi ya ƙirƙiro sabon suna ga shimfiɗin da ya riga ya sami suna don kawai ya gan shi a ƙauyensu.

Tambaya: Sunan wa da wa za a sa a matsayin marubuta?

Amsa: Wanda ya ba da gudummawa ta ilimi, ya karanta rubutun, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. Direban da ya kai ku daji, da mai unguwar da ya ba ku ɗan rakiya, da hukumar da ta ba da tallafi, wurinsu sashen godiya. Na san yadda yake da nauyi a al'adarmu ɗalibi ya ce wa babba ba zai sa sunansa ba, shi ya sa ya fi sauƙi shi da mai duba aikinsa su yanke wannan magana tun kafin a fara rubutu. Idan an yi amfani da bayanan rijiyoyin mai, kamar na yankin Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, ko an shiga mahaƙar wani kamfani, a tabbata akwai rubutaccen izinin bugawa.

Tambaya: Bayan an tura, me ke biyo baya?

Amsa: Turawar ta intanet ake yi, tare da gajeriyar wasiƙa ga edita da ke faɗin sabon abin da maƙalar ta kawo, da tabbacin cewa ba a tura ta wata mujalla ba a lokaci guda, domin yin haka babban laifi ne a wannan fage. A buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, a kuma sa wa layukan rubutun lamba. Edita zai fara gwada rubutun da manhajar gano satar fasaha, kuma yana iya mayar da shi nan take idan bai dace da mujallar ba. In ya wuce, sai a ba masana biyu ko uku, kuma jiran yakan ɗauki watanni. Game da kuɗi, mujallu da yawa ba sa karɓar komai idan marubuci bai zaɓi a buɗe maƙalarsa ga kowa ba, wasu kuma suna da rangwame ga marubutan ƙasashe masu tasowa, amma tun lokacin turawa ake nema.

Tambaya: An dawo mini da maƙala da gyare-gyare shafi huɗu. An ƙi ta ke nan?

Amsa: A'a, idan edita ya ce a yi babban gyara a sake turowa, ƙofa a buɗe take. Ka ajiye wasiƙar kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka kwafe kowace magana ta mai bita, ka rubuta amsarka a ƙarƙashinta, ka nuna shafi da layin da ka gyara. Inda ba ka yarda ba, ka faɗa cikin ladabi da hujja, domin mai bita da ke Faransa ko Jamus wataƙila bai taɓa taka dutsen Bima ba, kai kuwa ka kwana a gindinsa. Sai dai idan bai fahimce ka ba, akasari rubutunka ne bai fito fili ba, don haka gyara jimlar ya fi jayayya amfani. Idan an ƙi maƙalar gaba ɗaya, a yi gyaran kafin a kai ta wata mujalla, saboda masanan Kwarin Binuwai ba su da yawa, kuma tana iya sake faɗawa hannun mutumin da ya karanta ta da farko.

Tambaya: Idan an buga, zan iya zubar da samfuran da suka cika mini ɗaki?

Amsa: Kada ka zubar. Ka kai su ma'ajiyar sashenku tare da siraran duwatsun da garin da ya rage daga niƙa, kowanne da lambar da ke cikin jadawalin maƙalar, kuma ka faɗi a rubutun inda aka ajiye su. A rubuta lambar a jikin dutsen da fenti, a kuma sa wata a takarda cikin leda, domin rubutun alƙalamin maka (marker) yana gogewa daga jikin buhu bayan damina ɗaya ko biyu. Littafin filin ma a ɗauki hoton shafukansa a adana a wuri biyu.