Waiwaye: Lissafi a Cikin Rumbu ko a Cikin Manhaja?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu rubuta manhaja a Kano, daga ɗaliban Jami'ar Bayero har waɗanda ke haɗa wa 'yan Kantin Kwari da Singa manhajar lissafin kaya. Ƙa'idojin ciniki, irin su rage kaya bayan an sayar da rubuta bashi, a cikin manhaja za a tsara su, ko kuwa a ajiye su cikin rumbun bayanai, manhaja ta riƙa kira kawai? Gardamar ta girmi yawancin masu yin ta.

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin jera bayanai a tebura masu alaƙa da juna. Daga nan aka samu harshen SQL, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a Amurka a 1986. A wancan lokaci kowane umarni shi kaɗai yake tafiya: kwamfutar ofis ta aika, ta jira amsa, ta sake aikawa. Kamar a aiki yaro kasuwa sau goma ne, alhali ana iya ba shi sautun duka ya tafi sau ɗaya. Kamfanin Sybase ne ya shahara da magance wannan a ƙarshen shekarun 1980, inda ya ba da damar a tara umarni da yawa ƙarƙashin suna ɗaya a ajiye cikin rumbun, abin da masu sana'ar ke kira furosija. Microsoft ya gaji dabarar a SQL Server na 1989, Oracle kuma ya kawo tasa a 1992.

Saura yadda manhaja za ta kira. Ƙa'idojin haɗa manhaja da rumbu, ODBC a 1992, sai JDBC na harshen Java a 1997, su suka shimfiɗa hanyar da har yau ake bi: a rubuta CALL da sunan furosijar, a bar alamar tambaya a gurbin kowace ƙima, sannan a cike guraben daban. Fankishin kuwa, wato ɗan'uwan furosija da shi ma ake ajiyewa cikin rumbu, amsa guda yake mayarwa, shi ya sa ake iya saka shi cikin SELECT, umarnin ɗauko bayanai. Rumbun MySQL, wanda mutanenmu suka fi sabawa da shi, bai samu furosija ba sai a 2005. Rumbun PostgreSQL ya daɗe da fankishin, amma sai a 2018 ya samu furosija ta sosai.

Kafin nan iska ta riga ta juya. Hibernate ya fito a 2001, Rails a 2004, Laravel a 2011, duk kayan haɗa manhaja ne masu rubuta wa mutum SQL da kansu. Masu sukar tsohon salo suna da hujja: abin da aka rubuta wa Oracle ba ya aiki a MySQL, gwada shi na da wuya, kuma sau da yawa ba ya cikin Git, ma'ajin da ke adana tarihin rubutun manhaja, sai wanda ya rubuta ya bar aiki a rasa mai taɓawa. Yawancin matasanmu a wannan zamani suka shigo, don haka suka ɗauki furosija kayan tsofaffi.

A nan nake ganin an yi gaggawa. Ɗan kasuwa mai shago a Kwari da sito a Bompai, ga manhajar waya ga ta kan tebur, duk rumbu ɗaya suke taɓawa. In ƙa'idar rage kaya na rubuce a wuri biyu, wata rana sai sun saɓa, kuma yaron shago za a fara zargi. In tana cikin rumbu, kira ɗaya ne: a rage kaya, a rubuta kuɗi, ko duka su tabbata ko duka su warware. Ga wanda ya san yadda intanet ke ɗaukewa a tsakiyar kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana ma iya hana manhaja taɓa teburan gaba ɗaya, a ba ta izinin kira kaɗai.

Sai dai furosija ba laya ba ce. In an liƙa abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarni, ɓarawo zai cusa nasa SQL ɗin kamar kullum. Masu rubuta manhaja da harshen PHP kuma su lura: bayan CALL a MySQL, sai an kwashe duk sakamakon da ya dawo kafin a aika wani umarnin, in ba haka ba sabon umarnin ba zai wuce ba, mai shago na tsaye da abokin ciniki a gabansa.