Saitin DNS ga sabar kula da domen a ƙaramar hanyar sadarwa

Sabar kula da domen ita ce kwamfutar da ke riƙe da rajistar ma'aikata, kalmomin sirrinsu da iyakar abin da aka yarje wa kowa a hanyar sadarwar ofishin da ke amfani da Active Directory, tsarin kamfanin Microsoft na kula da masu amfani da kwamfutoci. Domen shi ne rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashin wannan rajista. Sauran kwamfutocin ofis ba su da adireshinta a ajiye. Duk sa'ad da mutum zai shiga, sai kwamfutarsa ta tambayi DNS, wato tsarin da ke juya suna zuwa adireshin IP, ta ce a nuna mata inda sabar take. Idan ta kai tambayar inda ba a san amsarta ba, domen ya tsaya, ko da kuwa sabar na kunne lafiya lau.

Tarihi

Tun farkon shekarun 1970, kwamfutocin ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifar da intanet, a Amurka suna dogara ne da fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar SRI ta jihar Kalifoniya ke kula da shi ƙarƙashin Elizabeth Feinler. Kowace cibiya takan kwafo fayil ɗin lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yawaita, sai ya zamana kafin a gama rarraba sabon kwafi ya riga ya tsufa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS a takardun ƙa'idojin intanet RFC 882 da 883, aka sake fasalinsu a 1987 zuwa RFC 1034 da 1035, waɗanda har yau su ne ginshiƙin tsarin.

Microsoft da farko wata hanya daban ya bi. Ƙananan hanyoyin sadarwarsa sun taso ne a kan NetBIOS, wanda aka ƙera wa IBM a 1983. Suna a wannan tsari ba ya wuce haruffa 15, kuma kwamfuta na neman 'yar'uwarta ne ta hanyar yin shela ga duk wanda ke kan waya ɗaya da ita, kamar sanƙira a kasuwa. Shelar ba ta tsallake rauta, na'urar da ke haɗa wata hanyar sadarwa da wata, don haka wajen 1994 aka shigo da WINS, rajistar da ke tattara sunayen NetBIOS wuri ɗaya. Domen na zamanin Windows NT, mai babbar saba ɗaya da mataimakanta, da wannan ya yi aiki.

Abin ya sauya da fitowar Windows 2000 a Fabrairun shekarar 2000. Active Directory ya jingina kacokan a kan DNS, kuma abubuwa biyu da aka ƙara wa DNS a 'yan shekarun baya ne suka sa hakan ya yiwu: rekod ɗin SRV, wato bayanin da ke nuna kwamfutar da ke ba da wata hidima, wanda ya fara bayyana a 1996 aka daidaita shi a RFC 2782 a 2000, da sabuntawa ta kai tsaye ta RFC 2136 ta 1997, wadda ke bai wa kwamfuta damar rubuta sunanta a DNS ba tare da wani ya zauna ya buga ba. Iyakar haruffa 15 ta NetBIOS kuwa ba ta tafi ba, har yanzu tana bin sunayen kwamfutocin Windows.

Yadda ake gano sabar

Da zarar sabar ta tashi, hidimar Netlogon da ke cikinta takan rubuta rekod ɗin SRV a shiyyar domen, wato sashen DNS da ke riƙe da sunayen domen ɗin. Mafi muhimmanci shi ne _ldap._tcp.dc._msdcs haɗe da sunan domen. Kowane rekod ɗin SRV yana ɗauke da sunan sabar da lambar tashar da hidimar ke sauraro: 389 ta LDAP mai binciken rajistar, 88 ta Kerberos mai tantance masu shiga, 3268 ta babban kundin da ake kira Global Catalog. Kwamfutar ma'aikaci takan fara tambayar SRV, ta karɓi suna, sannan ta nemi rekod ɗin A don ta sami adireshi. DNS kansa yana aiki a tasha ta 53. Sabobin DNS na waje, irin su 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ba su da labarin waɗannan rekod.

Saiti

Ana ba sabar adireshi tsayayye daga cikin waɗanda RFC 1918 ta keɓe wa amfanin cikin gida, misali 192.168.1.10. A ƙaramin ofis galibi ita ce kuma sabar DNS, kuma ana ajiye shiyyar a cikin Active Directory tare da amincewa da sabuntawa mai tsaro kaɗai. Dukkan kwamfutocin domen ana nuna musu wannan adireshi a matsayin DNS. Saka adireshin waje a gurbi na biyu "don ko-ta-kwana" kuskure ne da ya yi yawa, domin idan Windows ta koma kansa takan jima a can, sai a wayi gari intanet na tafiya amma ba a ganin manyan fayilolin ofis.

Sunayen waje sabar ce ke nemowa. Ana rubuta mata sabobin da za ta riƙa miƙa wa tambayar da ba ta shiyyarta ba, ko na kamfanin intanet ko na jama'a. Idan ba a rubuta ba, takan bi ta sabobin tushe masu sunaye 13, waɗanda ke saman tsarin DNS na duniya. Ana kuma buɗe shiyyar juyi, mai rekod ɗin PTR, don a iya gano suna daga adireshi. Share tsofaffin rekod ba a kunne yake zuwa ba, sai an kunna.

An daɗe ana saɓani kan ko sabar ta fara nuna kanta ko wata. Inda suke biyu, shawarar da ta fi yaɗuwa ita ce kowace ta fara nuna 'yar'uwarta, sannan 127.0.0.1, adireshin da kwamfuta ke nufin kanta da shi. Inda take ita kaɗai, kanta take nunawa.

Sunan domen

Shekaru da dama ƙananan ofisoshi na ƙare sunan domen da .local. A 2013 RFC 6762 ta keɓe wannan ƙarshe wa mDNS, tsarin gano sunaye ba tare da saba ba, wanda na'urorin Apple da firintoci da yawa ke amfani da shi, kuma tun daga Nuwamban 2015 masu ba da takardar shaidar tsaro ta jama'a suka daina bayarwa ga sunayen cikin gida. Abin da ake ba da shawara yanzu shi ne reshen sunan da ofis ya mallaka, kamar a yi rajistar suna a .ng, wanda ƙungiyar NiRA ta Nijeriya ke kula da shi, a sa kalmar "ad" a gabansa. A 2024 ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe .internal don amfanin cikin gida. Sauya suna bayan an kafa domen aiki ne mai wuya.

A Katsina da Daura

Makarantu, ƙananan asibitoci da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a waɗannan garuruwa kan sami intanet ta rauta mai layin waya. Irin wannan rauta na zuwa da DHCP, hidimar raba adireshi kai tsaye, a kunne, tana raba adireshi tana kuma gabatar da kanta a matsayin DNS. Sai dai a kashe DHCP ɗinta a mayar da aikin kan sabar, ko a gyara ta ta riƙa raba adireshin sabar. Wanda ya sauya rauta, ko ya danna mata maɓallin mayar da saitin masana'anta, ya dawo da matsalar.

Wuta ma na da hannu. Idan aka ɗauke aka tayar da janareta, kwamfutocin tebur kan riga sabar tashi, su nemi DNS su rasa, shi ya sa ake ɗora sabar da suwic a kan inbata ko sola. Batirin agogon kwamfuta idan ya mutu shi ma yakan hana shiga, domin Kerberos a saitinsa na asali ba ya yarda da bambancin lokaci da ya wuce minti 5, kuma sau da yawa akan ɗora wa DNS laifin.

Samba

Tun fitowar manhajar Samba 4.0 a Disamban 2012, kwamfutar Linux na iya zama sabar domen, da DNS na cikin Samba ko da manhajar DNS mai suna BIND.

Gwaji

Ana duba rekod ɗin SRV da nslookup, a gwada lafiyar sabar da dcdiag /test:dns. Idan rekod sun ɓata, nltest /dsregdns ko sake tayar da Netlogon yakan sa a sake rubuta su. A kwamfutar ma'aikaci kuwa, ipconfig /all yana nuna sabar DNS da take tambaya, ipconfig /flushdns kuma yana goge tsofaffin amsoshin da ta ajiye.