Fasfo kaɗai ba ya ba ɗan ƙwallo damar buga wa ƙasa

Mutane da yawa suna zaton da zarar gwamnati ta ba baƙon ɗan ƙwallo takardar zama ɗan ƙasa, shi ke nan sai ya saka riga ya shiga fili. A wajen hukumar FIFA ba haka abin yake ba. Takardar wajibi ce, amma sai an haɗa ta da wata alaƙa ta gaskiya tsakanin ɗan wasan da ƙasar.

Alaƙar tana zuwa ta ɗayan hanyoyin nan: ko a ƙasar aka haife shi, ko a can aka haifi mahaifiyarsa ko mahaifinsa na jini, ko ɗaya daga cikin kakanninsa. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai ya zauna a ƙasar. In ya haura shekara 18 lokacin da ya zo, zaman shekara 5 ne a jere. Wanda aka kawo tun bai kai shekara 10 ba, shekara 3 ta ishe shi. Ta hanyar zama ne Elkeson, haifaffen Birazil, ya fara buga wa Sin a 2019.

Dalilin wannan tsauri sananne ne. A 2004 Katar ta nemi ɗauko Ailton da wasu 'yan Birazil biyu waɗanda ba abin da ya haɗa su da ƙasar, sai FIFA ta taka birki ta sa sharaɗin zaman shekara 2, a 2008 kuma ta mayar da shi 5. Ina ganin hakan daidai ne. Da an bar ƙofar a buɗe, da mai kuɗi ya saye ƙungiyar ƙasa sukutum, matasan gida kuma su koma 'yan kallo.

Wanda ya taɓa buga wa wata ƙasa fa? Zai iya sauya sheƙa, amma sau ɗaya, kuma sai FIFA ta amince a rubuce. Wasannin matasa da na sada zumunta ba sa ɗaure ɗan wasa, shi ya sa Ademola Lookman, wanda ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ingila a 2017, ya dawo Najeriya a 2022. Wasan gasa na manya ne a da yake rufe ƙofa har abada, ko da minti ɗaya aka buga. Gyaran Satumbar 2020 ya sassauta: in wasannin ba su wuce 3 ba, an buga su kafin ya cika 21, babu na ainihin gasar kofin duniya ko ta nahiya a ciki (wasannin neman gurbi ba sa hanawa), kuma shekara 3 ta wuce, zai iya tafiya. Munir El Haddadi, wanda wasa ɗaya tak da ya yi wa Sifaniya a 2014 ya riƙe shi shekaru, ya samu buga wa Maroko a 2021.

Hukuncin karya dokar yana da zafi, domin ƙwace wasan ake yi a ba abokin karawa ci 3 da nema. Ikwatoriyal Gini ta rasa wasanninta da Namibiya da Laberiya a neman gurbin kofin duniya na 2026 saboda Emilio Nsue, wanda ya buga wa matasan Sifaniya ba a kammala masa takardun sauyi ba. A Satumbar 2025 kuma FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Malesiya, ta dakatar da 'yan wasa 7 na shekara guda, bayan ta gano takardun haihuwar kakanninsu na jabu ne.