Waiwaye: Yadda tatsuniyoyin Turawa suka zama jarin Disney

A watan Maris na 2025 kamfanin Disney ya saki sabon Snow White da mutane na gaske. Kuɗin shirya shi ya haura dala miliyan 200, abin da ya tara a sinimomin duniya kuwa bai rufe ɗawainiyar ba. Abin da zafi, domin wannan tatsuniyar ce ta kafa gidan tun farko.

Labarin ya girmi sinima nesa ba kusa ba. Jacob da Wilhelm Grimm, wa da ƙane a Jamus, su suka tattara shi cikin littafinsu na 1812, kuma ba na lallashin yara ba ne. A bugun farko, uwar da ta haifi yarinyar ce ke neman ranta saboda kishin kyau. Sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don a ji sauƙin karanta wa yara. A ƙarshe ana sa wa muguwar takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta mutu. A tasu Cinderella, 'ya'yan matar uban suna yanke yatsa da diddige don takalmin ya shiga. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar Bora da 'yar Mowa ya san wannan gidan. 'Yar ruwan The Little Mermaid da marubucin Denmark Hans Christian Andersen ya rubuta a 1837 ma ba ta auri yarima ba, kumfar teku ta zama.

Walt Disney ne ya goge jinin. A 1937 ya fito da Snow White a matsayin dogon fim na zane mai motsi, bayan masu harkar a Hollywood sun yi ta cewa zai yi asara. Ya ba wadanni bakwai da ke cikin tatsuniyar sunaye da halaye, ya sa waƙoƙi, mutane suka yi tururuwa. Cinderella ta biyo a 1950, sai The Little Mermaid a 1989 da Beauty and the Beast a 1991.

Sabon salon sake yin finafinan zane da mutane na gaske ya kankama ne a 2010, da Alice in Wonderland na darakta Tim Burton ya haura dala biliyan ɗaya. Daga nan aka buɗe rumbu: Maleficent a 2014, Cinderella a 2015, Beauty and the Beast a 2017, Aladdin a 2019. Lissafin a fili yake. Yaran da suka kalli na zane a shekarun 1990 sun zama iyaye, su ne masu sayen tikiti, kuma suna son 'ya'yansu su ga abin da suka gani.

Ni sauya tatsuniya bai dame ni ba, kowane baki da irin gishirinsa, su Grimm ɗin ma sun sauya. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗannan finafinan tsoro ne ke jan su: tsoron ɓata ran masu kewar tsofaffin finafinan, da tsoron zargin riƙe tsohon tunani a kan mata. Sai a yi gyara rabi da rabi. Shi ya sa surutun da ya biyo The Little Mermaid na 2023 ya tafi kan launin fatar jarumarsa Halle Bailey, na Snow White kuma kan kalaman jarumarsa Rachel Zegler da wadannin da aka ƙera da kwamfuta, labarin kansa ba wanda ya tsaya a kai.

Kamfanin dai bai ja da baya ba. Wata biyu bayan faɗuwar Snow White ya saki sabon Lilo & Stitch, wanda ya haura dala biliyan ɗaya.