Mulhidai na cewa a kawo hujja, wace irin hujja suke nufi?

Wai mulhidi cewa yake babu Allah kwata-kwata?

Ba duka ba. Akwai mai cewa babu kai tsaye, akwai kuma mai cewa shi dai ba a kawo masa abin da ya gamsar da shi ba, kuma kuɗin goro yake yi, da Allahn Musulmi da na Kirista da Zeus, abin bautar Girkawan dā, duk ɗaya ne a wajensa. Ba yau aka fara ba fa, Suratul Jasiya aya ta 24 ta ambaci masu cewa zamani ne kawai ke halaka mu, su ake kira Dahriyya.

To a kan wa hujjar take?

Nan ake kai ruwa rana. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a 1952 ya ce in ya ce akwai butar shayi da ke zagaya rana tsakanin duniyarmu da duniyar Mars, ƙanƙanuwa yadda babu madubin hangen nesa da zai hango ta, ba wanda zai iya ƙaryata shi, amma hakan bai sa a yarda ba. Ƙa'idar da alƙalai suka sani ce, hujja tana kan mai da'awa. Masu imani sai su ce ai buta ba ta bayanin komai, samuwar duniya kuwa dole a yi bayaninta, kuma mai cewa "babu" shi ma da'awa ya yi. Gaskiya nan suna da magana.

Me masu imani ke kawowa?

Imam Ghazali (ya rasu 1111) ya ce duk abin da ke da farko akwai wanda ya samar da shi, duniya kuma tana da farko. Mulhidi zai ce ko an yarda, ta yaya aka san wanda ya samar ɗin Allahn wane addini ne? William Paley, wani malamin Kirista, a 1802 ya ce tsarin halitta kamar agogo ne, dole da maƙeri, sai masanin halittu Darwin ya zo a 1859 da bayanin yadda halittu ke sauyawa a hankali.

An taɓa gwadawa a kimiyyance?

An gwada addu'a. A 2006 aka fitar da binciken Herbert Benson a Amurka kan mutum wajen 1,800 da aka yi wa tiyatar zuciya, waɗanda aka yi wa addu'a ba su fi sauran samun sauƙi ba. Mulhidai suka ce kun gani, masu imani suka ce addu'a ba allura ba ce da za a auna, ijaba kuma sai Ya so. Ni dai ban ga gwajin ya raba gardama ba, tunda tun farko ba su daidaita kan me ake kira hujja ba.